Gane Shekarun Rubutun Hannu: Fafirus na Masar da Warƙoƙin Hanyar Fachi

Garin Fachi, wanda kuma ake kira Agram, yana tsakiyar Tenere ne, a kan hanyar ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Bilma. Yawancin mazaunansa Barebari ne, tare da Tubawa, arzikinsu kuwa gishiri da dabino, waɗanda suke musaya da hatsin da ayari ke kawowa daga Damargu da ƙasar Hausa. Peter Fuchs ya bayyana wannan ciniki dalla-dalla a cikin littafinsa na 1983. Amma raƙuman hamada ba hatsi da kantun gishiri kaɗai suka ɗauka ba. Hanyar Kawar, wadda ta Fachi ke tarar da ita a Bilma, ita ce ta riƙa kai takarda daga Tarabulus ta Murzuk zuwa Barno, ta nan kuma Alƙur'anan da aka rubuta a Barno suka riƙa komawa arewa don sayarwa. Saboda haka idan mai bincike ya sauka a gari irin wannan, aka kwance masa gafaka aka shimfiɗa masa warƙoƙi, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: yaushe aka rubuta wannan? Amsar da aka saba ji daga masu littafi ita ce, na kaka da kakanni ne. Amsar tana da gaskiyarta, sai dai ba ta isa a gina tarihin harshe a kanta ba.

Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana a wani fage dabam, watau nazarin gutsattsarin Littafi Mai Tsarki da aka rubuta da Girkanci a kan fafirus. Sun fi shekara ɗari suna gardama a kanta, sun yi kurakurai, sun gyara wasu. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da suka gano, sa'an nan a gwada shi da halin rubuce-rubucen Larabci da na ajami na wannan yanki.

Abin da fafirus ya kawo

Fafirus, ko bardi a bakin Larabawa, wata ciyawar ruwa ce da ke tsiro a gaɓar Nilu. Ana fere bargonta siri-siri, a jera wani a tsaye wani a gicciye, a danne, a shanya, sai ya zama abin rubutu. Laima na ruɓar da shi, don haka kusan duk abin da ya saura an same shi ne a busassun wuraren Masar. Tun daga 1896 Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka shiga tonon jujin tsohon garin Oxyrhynchus, wanda ake kira Bahnasa a yau, suka fito da dubban gutsattsari: wasiƙu, takardun haraji, rasit na bashi, da kuma ƴan warƙoƙin Linjila.

Kafin nan, bugun farko na Sabon Alkawari da Girkanci da ya shiga kasuwa, wanda Erasmus ya fitar a 1516, an ɗora shi ne a kan ƴan littattafai kaɗan, yawancinsu na wajen ƙarni na 12. A ƙarni na 19 masana suka koma ga manyan kundaye biyu na fata, na ƙarni na 4, ɗaya a ɗakin littattafan Batikan, ɗaya daga Dutsen Sina'i. Fafirus ne ya tsallake da su zuwa bayan wannan iyaka. A 1931 aka ba da sanarwar tarin Chester Beatty, wanda yawancinsa ke Dablin, da ya ƙunshi Linjila da wasiƙun Bulus. A cikin shekarun 1950 tarin Bodmer ya bayyana a Jeniba. Ana ba kowane fafirus lamba, kuma lambobin sun haura 130.

Amfaninsu ga matani ya fi fitowa fili a fafirus mai lamba 75, wanda ya ƙunshi Luka da Yohanna, aka buga shi a 1961. A da, masana da yawa suna ganin matanin kundin Batikan aikin wani mai gyara ne na ƙarni na 4, wanda ya tattara kwafe-kwafe ya tace su. Da aka gwada lamba 75 da kundin, sai aka tarar sun yi daidai ƙwarai, alhali masu buga shi sun sa shekarunsa tsakanin 175 da 225. Ashe ke nan matanin ya girmi kundin da ke ɗauke da shi nesa ba kusa ba. Haka kuma labarin matar da aka kama da zina, wanda ke Yohanna 7:53 zuwa 8:11 a bugu na baya, babu shi a lamba 75, babu shi a lamba 66, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa daga baya ya shiga littafin.

Wani abin lura shi ne halin masu kwafa. Ernest Colwell ya nuna a 1965 cewa mai lamba 75 yana bin abin da ke gabansa harafi bayan harafi; mai lamba 66 yana da garaje, har gyare-gyaren da ke cikin littafinsa sun fi 400; mai lamba 45 kuwa ma'ana yake kamawa, ya taƙaita, ya sake jerin kalmomi yadda ya ga ya fi daɗi. Dukansu tsofaffi ne, amma amincinsu ba ɗaya ba ne. Kundi na ƙarni na 4 da ya fito daga hannun masu taka-tsantsan yana iya fin fafirus na ƙarni na 3 kusa da asali.

Matsalar shekara

Babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin fafirus na Linjila da ke ɗauke da ranar da aka rubuta shi. Shekarun da ake gani a littattafai ƙiyasi ne, an same su ta gwada hannun marubuci da hannun wasu takardu masu kwanan wata. A nan ne rasit da takardun haraji, waɗanda aka raina da farko, suka zama ma'auni, don magatakardan hukuma sukan rubuta shekarar sarautar Kaisar da watan da ake ciki.

Mafi shahara a wannan gardama shi ne lamba 52, gutsure ne da bai kai tafin hannu ba, kimanin santimita 9 da 6, yana ɗakin littattafan Rylands a Manchesta. A gabansa akwai ɓangaren Yohanna 18:31-33, a bayansa 18:37-38. Grenfell ya saye shi a Masar a 1920, C. H. Roberts ya buga shi a 1935, ya ce hannun ya fi kama da na rabin farko na ƙarni na 2. Roberts ya yi maganarsa da sassauci. Waɗanda suka biyo baya ne suka matse ta, har "wajen 125" ya zama kamar shekarar da aka karanta a jikin takardar. Dalilin ɗokin a fili yake: wasu masanan Jamus na ƙarni na 19 sun ce an wallafa Linjilar Yohanna ne can wajen 160 ko bayan haka, gutsuren kuwa ya zama makamin rushe maganarsu. A 2005 Brent Nongbri ya sake gwada hannun da takardu masu kwanan wata, ya nuna irinsa ya ci gaba har ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 3. A 2016 kuma ya kawo hujjar cewa shi kansa lamba 75 yana iya zama na ƙarni na 4. Ba kowa ne ya yarda da shi ba, amma idan ya yi daidai, to, hujjar da aka gina a kan tazarar da ke tsakaninsa da kundin Batikan ta yi rauni.

An ga irin wannan ɗoki a wasu wurare. A 1994 Carsten Thiede ya ce gutsattsarin Matiyu da ke kwalejin Magdalen a Okasfod na ƙarni na 1 ne. Jaridu suka yayata, masanan hannu suka ƙi. Daga 2012 aka yi ta raɗe-raɗin wani gutsuren Markus na ƙarni na 1. Da aka buga shi a 2018, sai masu bugun suka sa shi a ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3. A duk waɗannan lokuta kuskuren gefe ɗaya ya karkata, watau wajen tsufa, domin can ne son zuciya yake.

Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, hannu yana ba da tazara ne, wadda da wuya ta gaza shekara ɗari. Marubuci yakan riƙe hannun da ya koya yana yaro har tsufansa, ya kuma koya wa almajirinsa.

Shaidun da ke jikin warƙoƙin wannan yanki

Rubuce-rubucen Barno da ƙasar Hausa sun fi fafirus ƙuruciya da fiye da shekara dubu, kuma sun fi shi yawan shaidu. Sai dai kowace shaida tana da abin da take faɗa da abin da ba ta faɗa.

Ta farko ita ce ramzi, watau haruffan da mawallafi ke sakawa a ƙarshen waƙa don nuna shekarar Hijira. Malaman wannan yanki lissafin Magariba suke bi, inda shin take 1000, ba 300 ba kamar a lissafin Gabas. Alal misali, shin da ra da mim da zaira sun ba da 1000 da 200 da 40 da 7, watau 1247, daidai da 1831 zuwa 1832 Miladiyya. Wanda ya ƙirga su da lissafin Gabas zai sami 547, ya mai da waƙar zuwa ƙarni na 12. Wannan kuskure mai sauƙin kamawa ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne a manta cewa ramzi baiti ne a cikin waƙa, duk mai kwafa zai kwafe shi tare da sauran baitoci. Yana faɗin shekarar da aka wallafa, ba ya faɗin shekarar da aka shafa wa wannan warƙa tawada. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta isa misali: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Zamani uku ke nan a matani ɗaya, kwafin da ke hannun mai bincike kuma na huɗu.

Ta biyu ita ce kammalawar mai kwafa, inda yakan ambaci sunansa da na mai littafin da ranar da ya gama. Sau da yawa ranar mako da wata kaɗai ake samu, ba shekara. Inda aka sami shekarar, darajarta ba ta misaltuwa. A ƙarshen shekarun 1950 A. D. H. Bivar ya ɗauki hotunan wasu Alƙur'anan Barno guda 4 masu fassarar kalmomi da tsohon Kanembu a tsakanin layuka, a 1960 kuma ya ba da labarin ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, watau 1669. Shekarar tana ƙarshen tafsirin Larabci ne da aka rubuta a gefen warƙoƙin. Abin da ta tabbatar shi ne matanin Alƙur'anin da ke tsakiya bai gaza wannan shekara tsufa ba. Fassarar da ke tsakanin layuka kuwa sai an bi ta hannu-hannu da tawada-tawada, domin littafin karatu yakan daɗe ana ƙara masa hashiya. Binciken Dmitry Bondarev, wanda ya soma a Landan a farkon shekarun 2000, ya nuna harshen waɗannan hashiyoyi ya riƙe siffofin nahawu da Barbarcin yau ya yar, kuma reshensa yana nan a bakin malaman tafsirin Barno da sunan Tarjumo. Ga mai nazarin Barbarcin Fachi da Bilma wannan gargaɗi ne: tsohuwar siffa a hashiya tana iya zama harshen makaranta da aka gada, wanda malami na ƙarni na 20 zai iya rubutawa.

Ta uku ita ce takarda. Idan aka ɗaga warƙa ga haske akan ga tambarin masaƙarta a cikin jikinta. Wanda ya fi yawa a nan shi ne na jinjirin wata uku a jere, aikin masana'antun arewa maso gabashin Italiya. Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya lissafa irin wannan takarda cikin kayan da ake shigowa da su daga arewa. Amma an yi ɗaruruwan shekaru ana buga wannan tambari, saboda haka shi kaɗai bai faɗi kome ba. Ƙaramin tambarin da ke ɗaya rabin takardar, mai haruffan sunan mai masana'anta, shi ne ke rage tazara. Sunan Andrea Galvani na Pordenone, alal misali, yana nuna ƙarni na 19 ko bayansa; shi Andrea ya rasu a 1855, amma gidan ya ci gaba da sa sunansa shekaru da yawa. Takarda tana ba da iyaka ta ƙasa ne kurum: ba a rubuta a kanta ba kafin a yi ta. Tsawon zamanta a rumbun ɗan kasuwa a Tarabulus ko Gat ko Agadas wani lissafi ne dabam.

Akwai kuma wata wahala da ta keɓanta da littattafan nan. Ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake a cikin tadarishi, kalmar da aka rubuta a gindin kowace warƙa ce ke nuna wadda ke biye. Na farko da na ƙarshe su suka fi saurin lalacewa, su ne kuma ake sake rubutawa a maye gurbinsu. Ta haka littafi ɗaya kan zama mai shekaru biyu ko uku, kammalawar da ake nema kuwa tana cikin warƙar da ta fi kowace saurin ɓata. Wanda ya duba tambarin warƙar farko ya yanke hukunci a kan dukan littafin ya auna facin ne, ya bar rigar.

Ta huɗu ita ce hannu, kuma ita ce mafi rauni a nan. Hannun Barno mai kauri da kusurwa, wanda Bivar ya danganta da tsohon rubutun Ifriƙiyya, mahaddata sun riƙe shi da gangan har ƙarni na 20, don kamanta magabata shi ne gwaninta. Ba a kuma gina masa jerin ma'auni irin na fafirus ba. Kayan ginin kuwa suna nan: wasiƙun sarakunan Sakkwato da Barno da Damagaram, takardun alƙalai, da takardun bashin fatake. Tarihin rubutun Larabci kansa ya amfana da irin wannan: wani rasit na tumaki 65 da ke Biyana, da Girkanci da Larabci, mai shekarar 22 ta Hijira, watau 643, yana cikin tsofaffin shaidun ɗigon haruffa. Sai dai a kula da hatimi, domin shekarar da ke jikinsa ta sassaƙa shi ce, kuma sarki kan yi shekaru yana buga hatimi ɗaya.

Game da awon kabon, wanda mutane da yawa ke zaton shi ne mai raba gardama, ya yi amfani ga warƙoƙin Alƙur'ani na fata da ke Birmingham, inda a 2015 ya ba da tazarar 568 zuwa 645. Ko a can, mutuwar dabbar ya auna, ba ranar rubutu ba. Ga abin da aka yi tsakanin wajen 1650 da 1950 kuwa, awon yana ba da amsoshi da yawa da ba a iya zaɓa a cikinsu. Kusan dukan rubuce-rubucen wannan yanki a cikin wannan tazara suke.

Abin da ya shafi harshe

Akan ji ana cewa ajamin Hausa ya soma a ƙarni na 17, ana kafa hujja da Riwayar Annabi Musa da ake jingina wa Abdullahi Suka na Kano, da waƙoƙin da ake jingina wa Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina. Jinginawar tana iya zama gaskiya. Amma zamanin mawallafi abu ɗaya ne, zamanin warƙar da ta iso hannu wani abu ne, kuma mai nazarin harshe da warƙa yake aiki. Mai kwafa Bakano da ya ɗauki waƙar Basakkwace yana iya mai da "sunka" ta koma "suka", ko "shina" ta koma "yana", ba tare da ya ji ya canja kome ba. A nan karin waƙa yakan tona asiri: gaɓar farko ta "sunka" mai nauyi ce, ta "suka" marar nauyi, saboda haka baitin da ya karye a kwafi yana iya miƙewa idan aka mai da tsohuwar siffar. Wannan dama ce da masu nazarin Linjila ba su da ita, don matanin nasu zube ne.

Tarihin Kano ya nuna yadda gardamar kan yi nisa. H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908. Labarin ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Murray Last yana ganin gindinsa an rubuta shi ne tun tsakiyar ƙarni na 17 aka riƙa ƙari, John Hunwick kuwa ya ce aikin mutum ɗaya ne na shekarun 1880, Ɗan Rimi Barka. Wanda zai ɗauki kalmar sarauta daga cikinsa ya sa mata shekara a ƙamus, dole ya san a wane ɓangare ya tsaya.

Akwai ƴan ginshiƙai tabbatattu. Zantuttukan Hausa da Barbarci cikin haruffan Larabci da James Richardson ya sa aka rubuta masa, tare da ɗan yanki na Sabon Alkawari, an buga su a Landan a 1853, shi kuwa ya rasu a hanyar Kukawa a 1851. Waƙoƙin da C. H. Robinson ya buga da hoton ajaminsu a 1896 ba su gaza wannan shekara ba. Duk siffar harafi da aka gani a cikinsu an san ta wanzu a lokacin, ko da yake na Richardson don baƙo aka yi su, ba don makarantar zaure ba.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka zauna daidaita ajami don littattafan manya, akan kafa hujja da "yadda magabata suka rubuta". To, a kwafi da yawa b da ɓ harafi ɗaya ne, o da u wasali ɗaya ne, e kuwa ɗigo ne a ƙarƙashin harafi bisa ruwayar Warshu; a wasu kuma an ƙara ɗigogi don rarrabewa. A ɗaya gefen, ajami yana nuna tsawon wasali, wanda boko ya bari. Wace al'ada ce tsohuwa, wacce ce ta wani gari, wacce ce dabarar malami ɗaya, ba a iya sani sai an jera kwafe-kwafen bisa zamani da wuri.

Wurin ma sai an rubuta shi tun ranar tattarawa. Yawancin fafirus na Chester Beatty da na Bodmer ta hannun dillalai suka fito, har yau ana gardamar inda aka tono su da abin da aka same su tare da shi. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya tsiro daga tarin Bubu Hama, yana riƙe da kimanin 4,000, kuma duk wanda za a ƙara musu yana bukatar takardar shaida: garin da aka same shi, gidan da ya gada, daga wa aka ce ya zo, girman warƙa da santimita, hoton tambari a gaban haske ga kowane irin takarda da ke cikin littafin, da jerin warƙoƙin yadda aka tarar da su kafin a gyara. Alƙur'anin da aka tarar a Fachi yana iya zama rubutun Kukawa ko na Damagaram da ya zo cikin kayan ayari, don haka a katin rajista layin "inda aka samu" dabam ne da layin "inda aka rubuta", kuma a layin shekara tazara ake sawa tare da shaidar da ta ba da ita.